Kafin ka sa giranda a jikin motar nan

Assalamu alaikum Yaya. Shekara biyu da suka wuce na sayi Mazda MX-5 ƙirar 2001, 'yar motar gudu mai kujera biyu da rufin yadi, wadda na daɗe ina mafarkinta. Lafiyarta ƙalau na same ta. Sai na riƙa kallon hotunan irinta da aka faɗaɗa wa jiki, aka ɗora wa fiffike a baya, aka lulluɓe cikinsu da fata, raina ya biya. Na sayo kayan faiba (zaren gilashi da ake daskarar da shi da ruwan roba) na faɗaɗa jiki da bamba da fiffike, na kwance kujeru da dashbod da murafun ƙofofi, da niyyar in yi komai da hannuna a garejin gida, har fenti. Yau wata bakwai motar tana kan jak. Kayan faiban sun ƙi zama daidai, kuma dole sai na yanke ƙarfen da ke saman tayoyin baya kafin in ɗaura su. Wani abokina ya aro mini giranda, kullum yana cewa in rufe ido in yanka. Ina kuma son cire sitiyarin in sa ƙarami na tsere, da bel mai maɗauri huɗu. Mai ɗakina ta daina yi mini maganar motar gaba ɗaya, don na ce mata wata ɗaya zan gama. Magana ta ƙarshe da ta faɗa ita ce na kashe mota mai rai. Ni kuma kunya ta hana ni komawa baya. In yanka ko in haƙura?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka mayar wa abokinka girandarsa, yau ɗin nan in da hali. Kafin ya tafi ka tambaye shi ko ya taɓa yanka tasa motar. Mai zuga ba ya asarar komai. In aiki ya ɓaci iyakarsa ya ce "kash", kai kuma a bar ka da gawa a gareji.

Kada ka ɗauka ina cikin masu ganin taɓa mota laifi ne. Ni ma na sha kwanciya a ƙarƙashin mota, kuma na san daɗin da mutum ke ji in ya ja da baya ya kalli abin da hannunsa ya yi. Sai dai ayyukan da ka lissafa ba jinsi ɗaya ba ne, kai kuma ka zuba su a kwando guda. Akwai wanda in ka yi bai yi kyau ba za ka kwance ka sake, asararka yini ɗaya da ɗan yadi. Akwai kuma wanda in ka yi, ya yiwu ke nan har abada. Mai koyo a gida da na farkon yake farawa. Kai ka tsallake su ka nufi na biyun, shi ya sa hannunka ke rawa tsawon wata bakwai. Ni dai na gode wa wannan rawar hannun, don ita ta tsare maka motar har wasiƙarka ta iso.

Bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin inda kake shirin yankawa. Fendar gaba, wato faifan jikin da ke saman tayar gaba, da kusoshi aka ɗaure ta, in ka lalata ta sai ka kwance ka nemo wata. Ta baya ba haka take ba. Walda aka yi mata da gangar jikin motar, kuma a bakin da'irar taya faifan ƙarfe biyu ne, na waje da na ciki, aka haɗe leɓensu. Da zarar giranda ta bi wurin ka raba su, ka buɗe rami a tsakaninsu daidai inda taya ke watso ruwa da laka. Waɗanda suka iya aikin sukan tsattsaga faifan cikin, su lanƙwaso shi ya sadu da na waje, su bi shi da walda ɗigo-ɗigo don kada zafi ya murɗe ƙarfen, su toshe haɗin, sannan su fesa maganin tsatsa ta ciki. Ƙarfen kuwa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, wanda bai ƙware ba yana kai masa wuta zai huje. A duk wasiƙarka ban ga inda ka ce ka iya walda ba.

Da ma a ce wata mota ce, da da sauƙi. MX-5 irin taka, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, ita da yayarta da ta fito a 1989, an san su da ciwo guda: tsatsa a ƙarfen ƙasan ƙofa gab da tayar baya, da bakin da'irar tayar. Ruwan da ke gangarowa daga rufin yadi yana taruwa ne a bayan kujeru, ya bi ta bututu biyu, ɗaya a kowane gefe, ya zube ƙasa. In ganye da ƙura suka toshe bututun sai ruwan ya nemi hanyar kansa, ya kwanta a cikin ƙarfen yana cin sa daga ciki, ba za ka ga komai ba sai ranar da fenti ya fara ƙuraje. Mota marar rufin ƙarfe kuwa da waɗannan ƙarafan na ƙasan ƙofa take riƙe kanta kada ta murɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi kai kana shirin tsaga bangon da hannunka a daidai inda ƙadangaren ya saba shiga. Tunda motar tana kan jak, ka ci ribar hakan. Ka naɗe maganaɗisu da ƙyalle ka bi da shi gefen baya. Inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ka zuwa ya cike wurin da fila, kwaɓin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Kada ka gwada a bonet ka tsorata, na wannan motar alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi. Ka haska tocila a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin inji ta gaba, su ma a ƙirar taka sukan ruɓe. In ka ga ruɓa, to ka sami aikin da ya fi gaggawa, kuma na mai walda ne.

Ka ma lissafa abin da zai biyo bayan yankan? In ka ƙara wa jiki santimita biyar a kowane gefe, tayoyinka na yanzu za su nutse can ciki kamar idon mai jinya. Sai ka nemi rim masu faɗi ko abin turo taya waje, sai sababbin tayoyi, sai boris ya fara ɗaukar nauyi ta inda ba a tsara masa ba, sai sitiyari ya sauya hali. Motar nan nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya ne kawai, babban injinta mai lita 1.8 kuma ƙarfinsa wajen doki 140 ne. Ba don ƙarfi ake son ta ba, don rashin nauyi ne da yadda take shan kwana. Ka ɗaura mata manyan takalma masu nauyi, za ta yi kwarjini a tsaye, a kan titi kuma ta zama raguwa. Ranar da ka tashi sayarwa ma, masu neman irinta da yawa suna ganin an yanka za su juya.

Rashin zaman kayan faiba kuwa, kada ka ɗora wa kanka laifi. Haka suke. Da hannu ake zuba su a mazubi, sau da yawa mazubin ma daga kwafin kwafi aka ɗauko shi, ruwan faiban kuma yakan ɗan tsuke in yana bushewa. Ƙa'idar ita ce kayan ake sassaƙawa su bi mota. Ka ɗora bambar ba kusa ko ɗaya, ka riƙe ta da tef, ka zana inda ta tokare, ka sauke ka goge kaɗan, ka sake ɗorawa. Za ka yi haka sau goma ko fiye, kuma ba ɓata lokaci kake yi ba, aikin ke nan. Kada ka ja ta da ƙarfin kusa don ta zauna, daga ramin kusar za ta fara tsagewa bayan 'yan makonni. Ka ɗan buɗa ramukan, ka sa wasar roba. Inda ya kama a cike da fila, kada kaurinta ya wuce milimita uku, in ya kai shida to ka wuce gona da iri, za ta dare. Ka fara guga da sanfefa mai lamba 80, ka koma 180, ka ƙare da 320, kuma kada ka jiƙa fila da ruwa, shanye shi take yi ta ajiye maka a ƙarƙashin fenti. Ƙurar faiba tana soka fata tana shiga huhu, don haka riga mai dogon hannu da tabarau da takunkumi na kirki. Abu biyu za ka duba a bambar gaba kafin ka amince da ita: bakinta kada ya fi na asali ƙanƙanta don lagireto ya sha iska, kuma kada ta sa ka cire ƙarfen kariyar da ke bayanta. In ta ci wannan jarrabawa ka ɗaura abarka, ka adana ta asalin a wuri mai kyau. Na faɗaɗa bayan kuwa ka sayar, tun suna sababbi.

Fiffiken ba zan daɗe a kansa ba. Ƙarfin da iska ke danna shi da shi yana ninkuwa huɗu ne duk lokacin da gudu ya ninka biyu, wato a gudun cikin gari kusan ado ne zalla, a babban gudu kuma in na gaske ne zai danne baya ya bar gaba sakayau, mota ta riƙa ƙin shiga kwana. Murfin but ɗin ma ba a yi shi don ɗaukar wannan ja ba. In ado kake so, akwai ɗan leɓe da ake mannawa da tef mai gam fuska biyu, ba huji ko ɗaya.

Fenti ne inda zan ɗaure maka fuska. Fentin mota na zamani da ake gauraya shi da sinadarin ƙarfafawa yana ɗauke da wani sinadari da ake kira aisosayanet. Ba ka ganin hazonsa a iska bayan feshi, amma yana nan, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota asma. Wanda jikinsa ya riga ya tsane shi, ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai ƙirji ya toshe. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Masu sana'ar a ɗaki na musamman mai zuƙe iska suke fesawa, da abin rufe fuska da ake turo wa iska mai tsabta ta bututu. Garejin da ke manne da gidan da iyalinka ke kwana ba wurin wannan ba ne. Ka yi gugar da shirin duka da kanka, a nan galibin wahalar take, sannan ka kai wa mai ɗakin feshi. In kuwa launin ne kake son sauyawa da hannunka, ga ledar naɗe mota. Tana neman haƙuri da mutum biyu da na'urar hura zafi. Ka wanke, ka goge da sifirit, ka fara da wuri mai shimfiɗa kamar murfin but kafin ka tunkari bamba, kuma duk inda ka ja ledar ta miƙe ka bi shi da zafi wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, in ba haka ba za ta tuna siffarta ta farko ta ɗago. Ba ta ɓoye lotsawa, ƙara fito da ita ma take yi. Amfaninta a gare ka shi ne in ta gundure ka, ka ɓare. Sauya launi da sauya siffar jiki duka ka sanar da kamfanin inshorarka, kuma ƙasashe da yawa suna so a gyara launin a takardun mota.

Cikin motar, nan ne filinka, kuma na yi mamakin da ka bar shi a warwatse kana fama da ƙarfe. Murafun ƙofa su ne makarantar kowane mai koyo. Ka ɓare tsohon yadin a hankali ba tare da ka yaga ba, shi ne awonka. Ka shimfiɗa shi a kan sabon, ka bar rarar santimita uku ko huɗu ta naɗewa baya. In katakon murfin ya sha ruwa ya kumbura, ka yanko sabo da faifan roba, kuma ka mayar da ledar da ke tsakanin murfi da ƙarfen ƙofa, ita ce ke hana ruwan gilashi jiƙa shi. Siririn soso a ƙarƙashi yana sa aiki ya yi laushi a ido da hannu. Gam kuma sai mai jure zafi, a shafa a fuska biyu, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa daga tsakiya zuwa gefe. Wannan da kaina na koye shi. Na taɓa lulluɓe murafu biyu da gam na gama-gari, suka yi kyau har na kira mutane su gani, mota ta yini ɗaya a rana na dawo na tarar yadin ya saki yana reto kamar tsumman shanya. Saman dashbod a rana yana iya haura digiri 70, gam na banza ba ya ko daɗewa kafin ya narke.

Game da abin lulluɓin, fata ta gaske kyakkyawa ce amma ba ta yafe kuskure, kuma a mota mai buɗaɗɗen rufi rana da yayyafi suna gajiyar da ita. Ledar kujera mai kyau ta fi sauƙin ja a lanƙwasa. Alcantara da kake gani a motocin tsada ba fatar dabba ba ce, sunan kamfani ne. Wani masani na kamfanin Toray na Japan ne ya ƙirƙiro yadin a farkon shekarun 1970, a Italiya ake yin sa, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa zaren foliyesta ne. Yana da daɗin taɓawa, ba ya ƙyalli, amma inda hannu ke yawan kamawa yakan kwanta ya yi maiƙo in ba a gogewa. Rashin ƙyallin nan shi ya sa ya dace da saman dashbod. Duk abin da za ka sa a can ya zama mai duhu marar sheƙi, don mai haske zai riƙa bayyana a gilashin gaba ya tsone maka ido da rana tsaka. Murfin jakar iska (wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo) ta gefen fasinja kuwa kada yadi ya haye shi ya haɗe da sauran dashbod, dole ya iya ɓallewa a cikin ƙiftawar ido. Rigar sandar giya da ta birkin hannu, ɗinki ne na yamma ɗaya, kuma za ka sha mamakin yadda suke sabunta ciki. Kujeru ka bar wa mai ɗinkin kujera, ko ka sayi rigunan da aka riga aka ɗinka daidai da ƙirar.

Sitiyari da bel, a'a. Sitiyarinka yana ɗauke da jakar iska, ƙaramin na tsere ba shi da ita. Bel mai maɗauri huɗu kuwa ɓangare ɗaya ne na tsarin da ba ya aiki sai ya cika: kujerar tsere, ƙarfen kariya a bayan kai, hular kwano, da abin riƙe wuya. Bel na asali yana barin jiki ya karkata ciki in mota ta kife. Mai huɗun yana riƙe ka a miƙe ƙyam, a mota marar rufi da ba ta da ƙarfen kariya kuma kanka ne zai zama ginshiƙi. Rashin maɗaurin tsakanin ƙafafu yana sa na ƙugu ya hau ciki a lokacin karo, mutum ya zame ta ƙarƙashinsa. In kuma aka ɗaure na kafaɗa can ƙasa a daɓen mota, ƙashin baya yake matsewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. In sitiyarin ya tsufa, a sake masa fata a bakin da'irar kawai.

Yanzu mai ɗakinka. Ban ji ta ce kada ka ƙawata mota ba. Wata ɗaya ka ce mata, yau bakwai, ga gareji ya cika da tarkace, ga kuɗi sun tafi, ga miji kullum fuska a murtuke. Shirun nan da ta yi ya fi faɗa nauyi, kai ma ka sani. Kada ka je mata da sabon alƙawarin rana, na farkon ma bai cika ba. Ka gaya mata gaskiya cewa ka ɗebo da zafi, ka fasa yankan, za ka sayar da abin da ba za ka ɗaura ba, ka kuma faɗa mata adadin da ya rage za ka kashe, kada ka wuce shi. Ka sa wa kanka doka a gabanta: daga yau ba aikin da zai hana motar tashi fiye da kwana biyu. Ƙofa ɗaya a mako, ka hau abarka, ka dawo ka yi ɗayar. Kunyar da kake ji, ta wa? Abokin da bai zuba ko sisi ba? Ita da ta ce ka kashe mota mai rai ba ta yi daidai ba tukuna, suma motar ta yi, kuma kai kaɗai ne za ka iya mayar da maganarta gaskiya.

Wajen mayar da kayan ciki ka yi hattara da wayoyi masu bakin rawaya, na jakar iska ne. Ka cire kan batir, wanda a wannan motar a but yake, ka jira kamar minti goma kafin ka taɓa su, kada ka auna su da mitar lantarki, kuma in ka ajiye jakar fuskarta ta kalli sama. Kusoshin kujera da na bel a ɗaure su da sifana mai awo, daidai da littafin motar. Wata bakwai a tsaye ba wasa ba ne: ka zuƙe tsohon man fetur ka zuba sabo, ka duba man birki da iskar tayoyi, ka leƙa ko ɓera ya ci waya, ka zura siririn burushi mai laushi a bututun ruwan nan biyu ka zuba ruwa ka ga ya fito ta ƙasa. Kada ka murɗa makulli sai duk wayoyin sun koma wurinsu. In ka murɗa, fitilar jakar iska za ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. In ta ci gaba da ci ko tana ƙiftawa, kada ka fita titi, ka kira mai gyaran wayar mota ya duba ta a inda take.